Jar Darar da Inna Ta Wanke

Ba tatsuniya zan yi muku ba, don haka kada kowa ya ce ta zo mu ji ta. Ku dai gyara zama. Abin da ya sa na buɗe bakin da na daɗe da rufewa jikana ne, ɗan wajen autana, wanda yake karatu a Kafin Hausa. Ana gab da ɗaurin aurensa, ina zaune da hantsi a ƙofar ɗakina ina tsinke zogale, sai na ji ya kashe babur a waje, ya shigo yana taku ɗai-ɗai kamar wanda aka yi wa naɗi.

"Tsohuwa mai ran ƙarfe, ɗago ki ga angonki."

Na ɗago. Hula ce a kansa, ja wur, da baƙin tuntu yana lilo ta gefen kunne.

"A kasuwar Dutse na samo ta," in ji shi. "Ta asali ce, gashin tunkiya zalla, ba irin ta robar nan ba. Da ita za a ɗaura. Yaya kika ga wankin-dijen nawa?"

Zogalen ya zube daga hannuna. A garin nan namu da ƙauyukan da suke kewaye da shi, har zuwa bakin Kiyawa, haka yaro da babba suke kiran irin wannan hula, kuma in ka tare mutum ka tambaye shi dalili sai ya yi maka zuru. Ni na san dalili. Dije uwata ce, wadda ta haife ni. Tun da na yi wayo sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba, don ba a yi mana tarbiyyar kama sunan iyaye ba, sai yau da ya zama dole, Allah ya yafe mini. Ga shi jinina, a tsakar gidana, ya kama shi gatsal yana dariya.

Sunan hular nan dara. Da shi muka tashi muka ji ana kiranta. Tsofaffinmu sun ce ba a ƙasar nan ake yin ta ba, fatake ne suke ratso hamada da ita a kan raƙuma su sauke a Kano, daga can ta hau kan masu sarauta da 'yan doka. Ko tare da sunanta ta zo, ko a nan aka raɗa mata, wannan sai ku da kuka yi boko. Abin da na sani, ba saƙa ta ake yi ba, ba kuma ɗinka ta ake yi ba. Gashin tunkiya ne ake dannewa har ya kama jikinsa, a rina shi ja, kuma ba ya shiri da ruwan zafi. Yanzu ne na san haka. A zamanin da nake ba ku labari, duk garinmu mutum ɗaya ne ya sani, bai kuwa faɗa wa kowa ba.

Garin a lokacin bai kai rabin yadda yake yanzu ba. Duwatsu ta gabas, dabino ta yamma, rijiya ɗaya a tsakiya, bakinta duk igiyar guga ta yi masa zane. Kafin rana ta fito za ka ji luguden mata yana amsa juna daga gida zuwa gida, har kana iya cewa wancan hannun wance ne. Kuma da aro muke rayuwa. Garwashin hura wuta aro, rariya aro, turmin da ya fi naka zurfi aro, babbar tukunyar biki aro, zanen zuwa gaisuwar mutuwa ma aro. Macen da ake ba ta aro ita ce 'yar gari. Wadda aka daina ba ta kuwa, ko da ba wanda ya ce mata ta tashi, an riga an kore ta. Ku yanzu ba za ku gane ba, ku da kuke hayar kujera da rumfa da tukunya, a kawo muku a a-daidaita-sahu, a zo a kwashe, ba sannu ba na gode. Kuna cewa mutanen da sun fi zumunci. Ni na zauna da su. Sun fi ku kusa da juna, shi ya sa in suka tashi cizo ba sa kuskure wuri.

Inna ba 'yar garin ba ce. Daga ruga aka auro ta, can wajen Ringim, doguwa, ba ta da yawan magana, Hausarta ma da ɗan gargada. Tana da filako irin na mutanensu, yunwa ba ta sa ta roƙo, ciwo ba ya sa ta ƙara. Tsabta kuwa, ƙwaryar nononta sai ka ga fuskarka a ciki, shi ya sa furarta take riga ta kowa ƙarewa. Tana da doka ɗaya da ta dasa mana tun muna ƙanana. In ta aike ni mayar da abin aro sai ta riƙe kunnena ta ce, "Abin mutane ba ya komawa yadda ya zo, sai ya fi yadda ya zo." Rariya sai an kakkaɓe ta, tukunya sai an dirje ta ciki da bai, ƙwarya sai an zuba ɗan man shanu a gindinta.

Mai dara a garin kuwa shi ne Saje. Taubashin Baba ne, ɗan ƙanwar mahaifinsa. Ya yi aikin ɗan doka a wani gari ya dawo, kowa yana ce masa Saje, ko da yake waɗanda suka san can sun ce bai taɓa wuce mai riƙe wa manya linzami ba. Abin da ya dawo da shi ke nan, hular da tafiyar ƙasaita. Duk saurayin da zai yi aure sai ubansa ya je ya durƙusa a zauren Saje an ara masa ita, don ango ya sa ya zaga gaishe-gaishe. Sai ya sa an yi ta zarya kafin ya fito da ita daga akwati, yana hura mata iska, yana shafa ta da gefen riga.

Ina 'yar yarinya, ban daɗe da fara ɗaukar ƙaramin tulu ba, aka yi auren yayanmu. Bikin ya faɗo cikin bazara, zafi kamar a gasa mutum. Yaya ya yi kwanaki yana yawo da dara gida-gida, da ya cire ta bakinta ya yi baƙi da gumi, ga maiƙon man da aka shafa masa, ga ɗigon lalle a gefe. Baba ya ajiye ta a kan gado ya tafi gona sharar ƙaya, da niyyar in ya dawo ya mayar. Inna ta shiga ta gan ta. Na ji ta ce, a hankali, "A'a, hular mutane."

Ta yi mata abin da take yi wa hular Baba, har ma ta ƙara, don ta baƙo ce. Ta tafasa ruwa, ta jiƙa ta, ta goga mata sabulun salo, ta ɗora a kan dutsen wanki tana murzawa da ƙarfinta. Ni ce mai zuba mata ruwa. Kumfar ta fara yin ja, muka ɗauka datti ne yake fita. Ruwan ya gangara ta rariyar gida kamar ranar layya, har kaji suka taru. Inna ta ɗaga ta, ta duba, ta sake tsoma ta a ruwan zafi ko za ta saki. Duk tsomawa sai ta ƙara tsukewa. Da ta kai ta gindin tulu za ta kifa don ta bushe, kamar yadda ake yi wa hula, sai ta ƙi shiga. Ta koma kamar ɗan ƙoƙon shan koko, ta yi tauri, launinta ya koma na ruwan goro, tuntun ya cukurkuɗe. Inna ta zauna a ƙasa ta buɗe tafukanta tana kallo. Sun yi ja har wuyan hannu.

Baba bai yi mata faɗa ba, Allah ya ji ƙansa. Ya sa hular a faifai, ya rufe da wani, ya ɗora goro a kai, ya ce in ɗauka in biyo shi. Muka tarar da Saje a ƙofar zaurensa tare da masu zaman hira. Baba ya durƙusa, ya faɗi abin da ya faru, ya ce zai kama akuyarsa ya tafi Kano da ƙafarsa ya nemo wata. Saje ya buɗe faifai. Ya ɗaga abin da yatsa biyu, ya juya shi, ya ɗora a tsakiyar kansa, ya zauna kamar an kifa wa kabewa ludayi. Mutane suka fashe da dariya, shi bai yi ba.

"Haba taubashi," in ji shi. "Kano kuma? Tsakaninmu? Bar akuyarka. Na yafe, duniya da lahira."

Baba ya yi ta godiya har da ƙwalla. Ni ma na yi murna, don yarinya ce ni, ban san akwai yafiyar da ta fi duka ciwo ba. Da ya karɓi wata hular da magana ta mutu a ranar. Shi kuwa ba ya so ta mutu. Washegari sai ga doguwar gora a kafe a ƙofar zaurensa, daidai hanyar rijiya, an soka hular a samanta. Duk wanda ya wuce ya tambaya, sai ya ce, "Wannan? Wankin Dije ne. Mai son a rage masa kaya ya kai gidan taubashina." Ranar kasuwa baƙi suka gani, suka tafi da labarin garuruwansu.

A bakin rijiya aka fi yi mata. Jan hannun nata bai goge da wuri ba, duk sanda ta kama igiya sai an kalla.

"Dije, ga zanena ya yi mini yawa, ko za ki taimaka?"

"Ke zane ma kike ta shi. Ni maigidan ne ya yi mini tsawo, in kawo shi da safe?"

Sai shewa, har da tafawa. Inna sai dai ta cika tulunta ta ɗauka, wuyanta a miƙe. 'Yan mata suka sa abin a waƙar gaɗa. Da an tsaya a dariya da ta jure, don mutanensu sun saba haɗiye abin da ya fi wannan. Sai aka fara hana ta aro. Matar Yaya ta haihu, za a yi suna, Inna ta aike ni gidan maƙwabta a ba ta babbar tukunya, wadda duk unguwa da ita ake biki. Matar gidan ta ce, "Ki ce wa Innarki tana kan wuta." Ga tukunyar can a kife a gindin rumbu, ina kallonta, kaza na tsaye a kai. Na wuce gida na gaba. Ita wannan ba ta ma wahalar da kanta da ƙarya ba, cewa ta yi, "Mu tamu daidai take mana, ba ma so ta dawo kasko." Na koma na faɗa wa Inna duka, don ban san ana ragewa ba. A ƙananan tukwanenta ta yi tuwon suna, ta sauke ta mayar, ta sauke ta mayar, rana ta yi tsaka rabin baƙi ba su ci ba, waɗanda suka hana tukunyar su ne a gaba wajen cewa an bar mutane da yunwa.

Bayan suna ta wanke ƙorenta, ta jera su a cikin juna, ta ɗaure da zane. Ta tsefe mini kai ta yi mini kitso ƙanana, irin wanda yake daɗewa. Ta ce za ta je ganin gida. Na raka ta har bayan dabino, ta ce in koma, kada tuwon Baba ya makara.

Baba ya je biko. Ta ce masa ba ta da fushi da shi, kuma ranar da aka sauke abin nan daga ƙofar Saje, ko ba a aiko ba za ta dawo da ƙafarta. Shi ke nan abin da ta nema. Gora ɗaya, a tuge ta. Baba ya roƙi Saje, Saje ya ce, "Ai ado ne, ƙofar tawa ta yi kyau." Ya kai magana gaban mai unguwa, mai unguwa ya yi dariya ya ce, "Malam, wa ya taɓa kai ƙarar taubashi? Wasa ne." Yaya ya ce zai je ya karya gorar, Baba ya rantse in ya taɓa ta bai yafe ba, don za a ce gidanmu ba a san wasa ba. Haka manyan maza suka zauna suna tsoron a ce ba su san wasa ba. Damina ta sauka a kan hular, rana ta dake ta, ta koɗe, tana nan. Kitson da Inna ta yi mini ya tsufa, na ƙi bari a tsefe. Kafin a yi girbi na biyu aka aiko daga ruga cewa zazzaɓi ya ɗauke ta. Gara ce ta ci gindin gorar daga baya, ta faɗi da kanta, ba hannun mutum ba. Yarintata a nan ta tsaya. Daga ranar ni ce daka, ni ce rijiya, ni ce wanki, a garin da kowace dara ta shigo sai a ce ga wankin wance.

Saje ya mutu da tsufansa, aka yi masa sallah sahu-sahu, ana cewa mutum ne mai ban dariya. Matan rijiya duk sun bi shi. Rijiyar ma an rufe ta, famfo ake bugawa. Luguden asuba ya tafi, injin niƙa ya gaje shi. Komai na zamanin nan ya ƙare, mai kyau da marar kyau, sai kalmar nan kaɗai ta ƙi mutuwa. Ga dara yanzu a kan kowa, har mai acaɓa, kuma duk wanda ya sa sai an kama sunan uwata.

Duk wannan na faɗa wa jikana a ranar, yana tsugune a gabana. Uwarsa, matar autana, ta fito daga madafa ta tsaya tana ji. Da na gama ya cire hular, ya riƙe a hannu.

"Wallahi Kaka ban sani ba. Allah ya ji ƙanta." Sai kuma ya ce, "Amma fa ki yi haƙuri, yanzu suna ne kawai. Ba wanda yake nufin kowa. Ya riga ya bi gari, wa zai iya tsayar da shi?"

Suna ne kawai. Irin maganar mai unguwa, da sabon baki.

Na ce, "Ka ce ta asali ce?"

"Zalla, Kaka. Taɓa ki ji."

"Miƙo." Na juya wajen uwarsa. "Ruwan da kika ɗora ya tafasa? Juyo mini a baho, ki haɗo da sabulu."

Ta kawo, don ta ɗauka ƙafata zan gasa. Da ta ga na tsoma hular sai ta dafe ƙirji. "Wayyo! Ta ɗaurin auren ce fa!"

"Na ji sanda ya faɗa."

Yaron ya miƙe zumbur, ya miƙo hannu, ya kuma janye, don duk lalacewar zamani ba a kai ga fizge abu daga hannun kaka ba. Na goga sabulu, na ɗora ta a kan dutse, na murza da abin da ya rage mini na ƙarfi. Wanda ya sayar masa bai cuce shi ba, ta asali ce. Ruwan ya yi ja, ya gangara ta rariya, irin na wancan karon sak. Na sake tsomawa, na sake murzawa, ina jin tana tsukewa a hannuna. Inna ba ta san abin da take yi ba. Ni na sani sarai. Da ta koma ƙoƙo na sa aka ciro mini gora daga danga, na soka ta, na ce wa jikan ya kafe mini a ƙofar gida, ta bakin hanya.

"Kaka, mutane za su tambaya."

"Don su tambaya na yi. Duk wanda ya tambaya ka ce wankin kakarka ne. Ka faɗa musu sunana, na ba ka izini, ka kama shi gatsal. Wadda suke kira ba ta nan balle ta amsa. Ni ina nan. Mai dariya ya shigo ya yi a gabana."

Da hular ubansa mai ɗinki aka ɗaura masa aure, ta kuwa yi masa kyau. Ya yi kwanaki ba ya ce mini tsohuwa mai ran ƙarfe, gaisuwa kawai, ban kuma neme shi ba. 'Yan biki duk sun ga gorar, sun tambaya, an faɗa musu, tun daga farko har ƙarshe. Ba wanda ya yi dariya. Liman ya shigo ya yi mini nasiha, ya ce in yafe wa Saje, ya riga ya tarar da abin da ya aikata. Na ce, "Allah gafarta Malam, ba ni ya yi wa ba. Mai yafewar ta jira shi ya tuge gora, bai tuge ba. Su ƙarasa a can."

A gidan nan dai kalmar ta mutu, ko jariri ba zai tashi da ita ba. A waje ban sani ba tukuna. Shekaranjiya ina zaune a zaure na ji yara sun taso daga makaranta, wani ya wuce da jar hula a babur, ɗaya ya buɗe baki zai faɗa, sai ɗan uwansa ya zungure shi ya nuna masa gorar, ya ce, "Kai, dara ake cewa. Tsohuwar tana ji."

Ina ji kuwa. Jan bai gama fita daga farcena ba, kuma kullum da hantsi a nan ƙarƙashin gorar nake shimfiɗa tabarma. Ba zan ce ƙurunƙus ba. Sai ranar da na daina jin sunan Inna a bakin yaran da ba su san kabarinta ba, ranar zan tuge ta da hannuna.